Kafin a yanka Mazda mai injin juyi: gaskiya da ƙanzon kurege

A kasuwannin tsofaffin motoci na Amurka da Ingila akwai wata talla da ta zama ruwan dare: Mazda RX-8, jiki sumul, kujeru lafiya, inji ba ya tashi, mai so ya saya ya kwance ta ko ya sa mata wani inji. Daga nan ne maganganu suka yaɗu har garejojinmu, inda jefi-jefi ake ganin irinta cikin motocin da ke shigowa ta Kwatano da Legas. Wai injin ba shi da gyara, wai ba ya ƙarko, wai in ya ƙi tashi to ya mutu, sai 'yan gwangwan. Wasu maganganun gaskiya ne, wasu rabin gaskiya, wasu kuwa masu son sayen mota a banza ne ke rura su.

Sai an san injin kafin a yanke hukunci. Ba shi da fistan, ba shi da bawul. Wani dunƙulen ƙarfe ne mai kusurwa uku, ana ce masa rota, yake juyawa cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa, kowace fuska tasa tana zuƙar iska da mai, ta matse, ta ƙone, ta fitar da hayaƙi. Bajamushe Felix Wankel ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin NSU ya fara tayar da shi a 1957, Mazda ta Hiroshima ta sayi izinin ƙera shi a 1961, ta fito da Cosmo Sport a 1967. RX-7 ta biyo baya daga 1978 zuwa 2002, sai RX-8 daga 2003 zuwa 2012. A bakin kowace kusurwar rota akwai siririn ƙarfe da ke gogar bangon gidan yana riƙe matsi. Shi ne madadin ringi, kuma kusan duk rigimar injin nan a kansa take.

Masu cewa shan baƙin mai alamar lalacewa ce sun yi kuskure. Haka aka ƙera shi. Akwai ɗan famfo da ke ɗiga baƙin mai cikin ɗakin ƙuna da gangan, don ringin kusurwa ya samu santsi, man kuma ya ƙone tare da fetur. Wanda ya saba da Toyota, ba ya duba mai sai ranar juye, shi ne ke kashe irin wannan inji da hannunsa, sannan ya ɗora wa Mazda laifi.

Batun rashin ƙarko kuwa yana da ƙamshin gaskiya, musamman a RX-8 ta farko-farko. Injinta, Renesis, ya ci lambar injin shekara ta duniya a 2003, amma ba a jima ba koke-koken faɗuwar matsi suka yawaita, har Mazda ta tsawaita garantin injin a Amurka zuwa shekara 8 ko mil 100,000 ga motocin 2004 zuwa 2008. A samfurin 2009 ta ƙara wa kowace rota bututun mai na uku, wanda ya nuna ita ma ta san akwai gyara. Injin ba ya yafe zafi: ya tafasa sau ɗaya, gidan alminiyon na iya karkacewa, ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Sai dai a ce duk injin juyi rago ne, wannan wuce gona da iri ne. Tsofaffin RX-7 marasa tobo sun yi suna wajen daɗewa, kuma Mazda 787B mai rota huɗu ce ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1991, karo na farko da kamfanin Japan ya yi haka.

Maganar da ta fi jawo asara ita ce in mota ta ƙi tashi, inji ya mutu. RX-8 tana da wata ɗabi'a: a tayar da ita da sanyi, a matsar da ita 'yan taku, a kashe kafin ta ɗumama, sai fetur ya cika ɗakin ƙuna, ya jiƙa filogi, ya wanke man da ke riƙe matsi. Washegari a murza makulli har batir ya gaji, ba za ta tashi ba. Maganin sau da yawa shi ne a danne totur har ƙasa ana murzawa, domin hakan yana sa kwamfutar motar ta yanke fetur, in ya ƙi a kwance filogi a busar. Ga kuma koyil-koyil ɗinta huɗu da ke saurin raunana, ga sitata na farko-farko mai sanyin juyi. Duk waɗannan ƙananan gyare-gyare ne, amma ga idon wanda bai sani ba, kamanninsu ɗaya da mutuwar inji. Alamar da ta fi nuna matsi ya faɗi da gaske ita ce motar ta tashi lafiya da sanyi, amma in ta yi zafi aka kashe, ta yi ta wahalar tashi. Ko ita ma ba hujja ba ce sai an auna. Awon yana buƙatar na'ura ta musamman da ke ba da sakamakon fuska uku na kowace rota, wato shida a inji mai rota biyu, tare da saurin juyin sitata. Ma'aunin injin fistan yana nuna mafi girman matsi ne kawai, yana iya ɓoye fuskar da ta mutu. Ni a wurina, duk mai saye da ya ce inji ya tafi amma ya ƙi a auna, ya san abin da yake yi.

Cewa babu kayan gyara ma ba haka ba ne. Mazda ba ta daina ƙera kayan injin juyinta na 13B ba, ta kuma dawo da wasu kayan RX-7 da suka ɓace a kasuwa. A 2023 ma ta sake sa injin juyi a MX-30, a matsayin janareta mai cajin batir. Abin da ke gaskiya shi ne gidan rota ba a yi masa bori yadda ake yi wa silinda. In rufin cikinsa ya kankare, sai sabo. Kuma ba kaya ba ne da za a tsinta a kowace rumfa a Ƙofar Ruwa ko Panteka, makanikan da suka taɓa buɗe injin ma ƙalilan ne.

To, sauya inji fa? A Amurka an fi sa injin LS mai silinda takwas na kamfanin GM, wasu su sa 2JZ na Toyota ko K na Honda. Masu kishin injin juyi na cewa LS yana ɓata daidaiton mota saboda nauyi. An ƙara wa zancen gishiri: LS na alminiyon bai fi injin RX-7 mai tobo biyu da tarkacensa nauyi sosai ba. 2JZ mai jikin ƙarfe, dogo, shi ne ke danne gaban mota. Ƙaryar da ta fi wannan girma ita ce sauya inji ya fi gyara araha. Ban da injin, sai giyabos, mazaunin inji, lagireto, salansa, furofela, famfon mai da waya. A RX-8 kuma sitiyarin lantarki da agogon gaba da birki suna karɓar saƙo daga kwamfutar inji, in aka cire ta sai an samo dabarar da za su ci gaba da aiki. Shi ya sa motocin da aka fara aka kasa ƙarasawa suka cika kasuwa. Doka ma tana nan: a Kalifoniya injin da za a sa kada ya girmi motar, kuma sai an duba hayaƙinsa, a Ingila sai an sanar da hukumar rajista da kamfanin inshora.

Kwance mota a sayar da ita gunduwa-gunduwa yakan fi sayar da ita a dunƙule kawo kuɗi, amma a lissafin takarda. Fitilu da giyabos da ƙafafu suna tafiya da wuri, sauran su zauna wata da watanni suna cin wuri. Kuma ba duk Mazda ce ɗaya ba. RX-8 an ƙera fiye da 190,000, matattunsu sun yi yawa, kayansu ba su da tsada. RX-7 ta ƙarshe, wadda ake kira FD, ba ta kai 70,000 ba, a Amurka ma samfurin 1993 zuwa 1995 kawai aka sayar, kuma farashinta hawa yake yi. Gangar jikinta ko babu inji tana da masu nema, mai injinta na asali kuwa ta fi daraja a wurin masu tara motoci.

Don haka mai FD kada ya yanka ta, kada kuma ya jefar da injinta ko da ya sa wani. Mai RX-8 ya canza filogi da koyil, ya auna matsi, sannan ya saurari tayi. Wanda kuma ya gan ta da arha a garejin unguwarsu, ya fara nemo makanikin da ya san injin tukuna, kafin ya biya ko sisi.