Masu Shuka Ciyawa A Kan Tebur

Duk wanda ya taso a zango ya san motar gwangwanin madara da yara kan ƙera su riƙa ja da zare. To, Turawa ma suna da irin wannan wasa, sai dai nasu na manya ne, kuma jirgin ƙasa ne abin son su. Mutum zai ware ɗaki guda ya shimfiɗa ƙaramin layin dogo a kan tebur, ya gina tasha da gadoji da tsaunuka, ya sa wa jirgin lantarki yana zagayawa. A birnin Hambog na Jamus akwai wani gida, Miniatur Wunderland, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001. Dogon da ke cikinsa ya haura kilomita 15, jama'a kuwa biyan kuɗi suke yi su shiga kallo.

Abin da ya ja hankalinmu a wannan sana'a shi ne ciyawa. Jirgi da dogo saye ake yi, amma ƙasar da jirgin zai ratsa sai mai ita ya yi da hannunsa, kuma a nan ake gane gwani. A da, garin katako ake rinawa kore a barbaɗa a kan gam. Daga nesa ba laifi, amma in ka matso sai ka ga kamar an zubar da kuka, domin ciyawar gaske tsaye take, shi kuwa garin katako a kwance yake.

Maganin da aka samo shi ne lantarki. Ana sayar da wasu siraran zaruruwa na nailan da aka yanka daidai, masu tsawon milimita 2, 4, 6 har zuwa 12. Ana zuba su cikin wata na'ura mai kama da tocila mai rariya a baki. Na'urar tana cajin zaren da dubban bolt, shi ya sa in ya faɗo kan gam sai ya tsaya cak, kamar yadda gashin hannu kan miƙe in an goga leda an kusanto da ita. Kamfanin Noch na Jamus yana cikin waɗanda suka yi suna da irin wannan na'ura.

Tsawon zaren lissafi ne. Ma'aunin da ya fi yawa a duniya shi ne HO, wato an rage komai sau 87. Ke nan zare mai milimita 2 ya zama ciyawa mai santimita 17, mai 6 kuwa ta wuce rabin mita. Wanda ya shimfiɗa mai 12 a filin ƙwallo, to 'yan wasansa sun nutse har ƙugu.

Ga yadda ake yin tsirin ciyawa ɗaiɗai, irin wanda kan fito a gindin bango ko gefen dogo. A shimfiɗa takardar gasa burodi, wadda abu ba ya manne mata, a kan faranti na ƙarfe. A ɗiɗɗiga farin gam na kafinta, wani ɗigo kamar ƙwayar gero, wani kamar wake, kada su zo daidai. A maƙala wayar na'urar a jikin farantin, a riƙa kaɗa ta kusa-kusa da gam ɗin har ɗigon ya cika. A kife takardar a tara ragowar zaren don gaba. Washegari sai a ɓamɓare da hantsaki, a liƙa inda ake so. Lokacin hunturu zaren ya fi tsayawa saboda bushewar iska, amma gam yana saurin yin fata, don haka a riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan.

Na'urar dai tana da tsada, shi ya sa wasu ke haɗa tasu da faifan kashe sauro mai batir da matacin shayi na ƙarfe. Mun gwada, kuma tana aiki ga gajeren zare, dogo ne ya fi ƙarfinta. Amma muna jan kunne: wutar tana zama a ciki ko bayan an saki maɓalli. Ɗayanmu ya taɓa matacin da yatsa, har yau in an tuna masa sai ya yarfe hannu. A haɗa matacin da wayar tukuna wutar ta fita kafin a ajiye. Wannan ba aikin yara ba ne, mai ciwon zuciya kuma ya nisance shi.

Sai kuma matsalar launi. Koren da ke zuwa a leda na makiyayar Turai ne, shar da shi. Wanda ya bi hanyar Kumasi zuwa Tamale a watan Janairu ya san tamu ba haka take ba: ruwan ƙasa, ruwan toka, ga baƙin wurin da gobarar daji ta ci, da sabon tsiro a tsakiya. Gamba kan kai mita 2, wato milimita 23 a ma'aunin HO, ta wuce zaren da aka saba samu. A nan tsohuwar dabara ta fi. A warware zaren buhun algarara irin na koko, ko igiyar rama, a yanka, a tsoma gindin a gam, a dasa cikin ɗan rami da aka huda da ƙusa. Ba sai an rina ba, launinsa na rani ne. Ƙasa kuwa a tankaɗe jar marmara ta gaske, a gasa ta don kashe ƙwari.

A Ingila, wani ɗan Ostareliya mai suna Roye England ya ga tsofaffin gidajen ƙauye masu jinka suna ɓacewa, sai ya dinga auna su yana ƙera ƙananansu. Aikin nasa ya zama gidan tarihi na Pendon a 1954, kuma yana nan har yanzu. Dogon Sakandi ya iso Kumasi a 1903, kakanninmu fataken goro sun hau shi, yau kuwa yawancin tashoshinsa ciyawa ta cinye. Dattawan da suka san inda masu shayi ke zama a bakin tasha suna ƙarewa. Malaman makarantunmu da ke neman aikin hannu ga ɗalibai za su iya farawa da katako mai faɗin tabarmar salla, da buhu guda, da dattijo ɗaya da zai nuna musu inda komai yake.