Wa Ya Kamata Ya Riƙe Makullin Takardun Ƙungiya?

A dā akan ajiye takardun ƙungiyar manoma cikin akwatin ƙarfe, makullin yana hannun magatakarda. Yanzu ƙungiyoyi da yawa suna ajiye su a intanet, a wurare kamar Google Drive wanda aka buɗe a 2012. Can ma akwai makulli, sunansa izini. In ba a lura da shi ba, lissafin bashin taki na iya faɗawa hannun wanda bai shafa ba, ko wani ya sāke adadin kuɗi ba da sanin kowa ba.

Izini iri uku ne. Mai kallo yakan karanta kawai. Mai sharhi yakan karanta, ya rubuta ra'ayinsa a gefe, amma ba ya taɓa rubutun. Mai gyara kuwa yana iya sāke rubutu, ya ƙara takarda, ya fitar da wata. Har yana iya shigo da wani mutum, sai dai in mai folda ya toshe wannan hanya.

Ga abin da ya fi muhimmanci. Folda kamar rumbu take: wanda ka ba izinin shiga, ya sami dukan abin da ke ciki, har da ƙananan foldoji da takardun da za a sa gobe. Saboda haka kada a haɗa kome wuri ɗaya. A buɗe folda ta labarin taro, dukan membobi su zama masu kallo. A buɗe wata dabam ta kuɗi, ma'aji da magatakarda kaɗai su zama masu gyara, shugaba ya zama mai kallo. Kowa a ba shi daidai aikinsa.

A ba da izini da adireshin imel na mutum. Akwai zaɓin da ke buɗe folda ga duk wanda ya sami mahaɗinta. Wannan daidai yake da rataya makulli a bakin ƙofa, gama da zarar an tura mahaɗin a WhatsApp, ba mai sanin inda zai tsaya.

A kuma tuna, kowace takarda tana da mai ita, wato wanda ya fara ɗora ta. In magatakarda zai bar aiki, sai ya miƙa mallakar takardun ga magajinsa tukuna, sa'an nan a cire sunansa. Miƙa folda kaɗai bai isa ba, gama takardun ciki suna nan da sunansa. Abin da aka jefa kwandon shara kuma, bayan kwana 30 yakan ɓace ɗungum.

To, 'yan'uwa, bayan kowane zaɓen shugabanni, mutum biyu su zauna su duba sunayen masu izini ɗaya ɗaya. Wanda ya sauka daga muƙami, a karɓe makullin cikin girmamawa a ranar.