Ina Mai Digirin Tsimi da Tanadi Ya Dosa?

Wanda ya karanta likitanci an san asibiti ya nufa, lauya kuwa kotu. Amma ɗalibin da ya karanta tsimi da tanadi, wato ilimin tattalin arziki, iyayensa kan tambaye shi, "To, kai wane aiki za ka yi?" Dalili shi ne wannan fanni ba sana'a guda yake koyarwa ba. Abin da yake koyarwa shi ne yadda ake auna samu da rashi, da abin da ke sa farashi ya hau ko ya sauka. Saboda haka ƙofofinsa suna da yawa.

A Nijeriya, ƙofa ta farko ita ce aikin gwamnati. Babban Bankin Nijeriya, wanda ya fara aiki a shekarar 1959, yana bukatar masana da za su lura da hauhawar farashi da darajar naira. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuwa ita ke tattara alkaluman farashin kayan masarufi kowane wata. Akwai kuma ma'aikatun kuɗi da na tsare-tsare, inda ake shirya kasafin kuɗi, da hukumomin tara haraji.

Ƙofa ta biyu ita ce bankunan kasuwanci da kamfanonin inshora. A nan aikin ma'aikaci shi ne ya tantance wanda ya cancanci rance da wanda ake tsoron ba zai biya ba. Tun da bankin Jaiz ya buɗe a 2012, an sami gurbi ga wanda ya haɗa wannan ilimi da sanin hukuncin ciniki a Musulunci.

Ta uku ita ce koyarwa da bincike, da aiki a cibiyoyi irin su Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka. Waɗannan galibi sai da digiri na biyu ko na uku.

Mutum ɗaya yana iya ratsa ƙofofin nan bi da bi. Sanusi Lamiɗo Sanusi ya sami digirinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1981, ya koyar a can, ya yi aikin banki, sannan ya shugabanci Babban Banki daga 2009 zuwa 2014.

Sai dai masu neman aiki sun fi guraben yawa, kuma takardar shaida kaɗai ba ta wadatarwa. Wanda ake ɗauka shi ne wanda ya ƙware a lissafi, ya iya sarrafa alkaluma da kwamfuta, ya kuma iya rubuta rahoton da shugaba zai karanta ya gane. Don haka ya kamata ɗalibi ya zaɓi ƙofarsa tun yana aji biyu, ya nemi ƙwarewar da ta dace da ita, kada ya bari sai ya gama hidimar ƙasa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.