Batirin gishiri: me ya hana shi isowa Damargu?

Duk mai allon sola a Tanut ko Belbeji ya san ta inda kuɗinsa ke zurarewa: batir. Allo kan kai shekara 20, amma batirin dalma, in ya sha zafin bazara, da wuya ya wuce shekara uku. Na litiyam ya fi ƙarko, sai dai tsada.

Shi ya sa masana suka karkata ga sodiyam, sinadarin da ke cikin kanwa da gishiri, har da kantun Bilma da ayarin raƙuma ke kawowa Damargu a musanya da hatsi. Yawansa a ƙasa ya ninka na litiyam fiye da sau 1000. A 2021 kamfanin CATL na Sin ya fito da batirin sodiyam, amma anod ɗinsa, wato ɓangaren da ke ajiye caji, na gawayi ne mai tauri, giram ɗaya na riƙe kusan mAh 300. Tsantsar ƙarfen sodiyam kuwa zai iya kai 1166.

To, a nan gizo ke saƙa. Ƙarfen nan laushi gare shi, wuƙa ma na yanka shi, kuma ba ya ga maciji da ruwa. Lokacin caji ba ya kwanciya sumul a kan anod. Tsiro yake yi kamar ƙaya, har ya huda siririn mayafin da ya raba ɓangarorin biyu, wuta ta haɗu, batir ya mutu ko ya kama da wuta. Ɓawon da ke rufe fuskar ƙarfen shi ma tsagewa yake, kowace tsaga tana shanye ruwan batir.

A 2015 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka nuna cewa sauya ruwan batir da wani na dangin sinadarin ita (ether) yana samar da ɓawo mai ƙwari. Wasu na saƙa ragar gawayi don sodiyam ya zauna a ramukanta. Wasu kuma sun watsar da ruwan, sun koma ga tangaran mai suna NASICON, wanda aka gano tun 1976.

Duk wannan a ɗakin gwaji yake, inda iska ke da sanyi. Mu gwajin da ya dame mu shi ne ɗakin kwano a Tarka cikin watan Mayu. Ya kamata jami'ar Damagaram ta nemi a kawo batiran nan a auna su a zafinmu kafin ƴan kasuwa su fara tallarsu.