Yaushe ya dace na'ura ta ce "na karɓa"?

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS a kasuwar Sabon Gari, ko a bakin babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ya san wannan musu. Mai kuɗi ya ɗaga waya ya ce, "Malam, an fa cire a wajena." Mai POS ya leƙa na'urarsa ya ce, "Wallahi Alhaji bai shigo ba." Sau da yawa duk su biyun gaskiya suke faɗa. A farkon 2023, da sauya fasalin naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuyar samu, kowa ya koma turawa ta waya, irin wannan musu ya zama ruwan dare daga unguwar Kwangila har PZ. Dalilansa na da yawa, akwai raunin sabis, akwai cunkoso. Amma akwai tambaya ɗaya da injiniyoyi ke fama da ita a bayan fage, wadda ya kamata mai asusu ma ya fahimta.

Abin da ke fita daga wayarka saƙo ne: a rage kaza daga wannan asusu, a ƙara a wancan. Tsakanin bankunan Najeriya, irin wannan saƙo yana bi ta tsarin NIP da kamfanin NIBSS ya ƙaddamar a 2011. A manyan tsare-tsaren kwamfuta a duniya, ba kasafai ake barin kowace na'ura ta jira 'yar'uwarta baki da baki ba, don idan ɗaya ta yi nauyi sai komai ya tsaya. Sai a sa wata manhaja a tsakani, dillalin saƙo, ta karɓa, ta jera a layi, ta miƙa wa mai shi idan ya shirya. Kamfanin IBM ya fitar da nasa tun 1993, RabbitMQ ya zo a 2007, Kafka kuwa a kamfanin LinkedIn aka ƙera shi, aka sake shi ga jama'a a 2011.

Idan dillali ya karɓi saƙo, yana mayar da amsa cewa ya karɓa, kuma da zarar mai aikawa ya ji haka sai ya cire hannunsa. To a wane lokaci dillali zai ba da wannan amsa?

Kwamfuta na da ma'ajiya iri biyu. Akwai ƙwaƙwalwar wucin gadi, wato RAM, mai saurin gaske, wadda ke mance komai da an ɗauke wuta. Akwai faifan ajiya, wanda ke riƙe abu ko an kashe na'ura, sai dai rubutu a kansa na cin lokaci. Ku dubi ɗan kasuwa mai littafin bashi. Wani idan ka biya shi, ba zai ce maka "shi ke nan" ba sai ya buɗe littafi ya soke sunanka a gabanka, ko da layi ya taru. Wani kuwa zai ce "je ka, na riƙe a kai," sai bayan la'asar ya zauna ya rubuta na kowa gaba ɗaya. Na biyun ya fi saurin sallamar mutane nesa ba kusa ba. Ranar da wani abu ya ɗauke masa hankali kafin la'asar, sunanka na nan a littafi, kai kuma ka tafi da tabbacin ka biya.

Dillalin da ke rubutawa a faifai kafin ya amsa shi ne na farko. Tsadarsa a fili take: tsohon faifai mai juyawa sau 7,200 a minti, juyi 120 ke nan a daƙiƙa, don haka in za a jira kowane saƙo ya sauka shi kaɗai, ba za a wuce kusan wannan adadi ba. Faifan zamani na SSD ya rage jiran sosai, kuma ana dabarar tara saƙonni a rubuta su tare sannan a amsa wa kowa, amma jiran bai ƙare ba. Shi ya sa manhajoji da yawa ke zaɓar hanya ta biyu. Redis na da saitin da yake tabbatar da rubutu sau ɗaya a daƙiƙa, wato ana iya rasa na daƙiƙa guda. JetStream na NATS, in ba a taɓa saitinsa ba, sai kowane minti 2. Minti biyu a ranar da ɗalibai ke rububin biyan kuɗin rajista ba ƙaramin abu ba ne.

Kafka ya bi ta wata hanya. Ba ya matsa wa faifai a kan kowane saƙo, sai dai ya kwafe shi zuwa wasu na'urori, yawanci uku gaba ɗaya, kuma mai aikawa ne ke zaɓar ko ba ya son amsa sam, ko amsar na'ura ɗaya ta ishe shi, ko sai duk masu riƙe da kwafi sun amsa. Daga fitowa ta 3.0 a 2021, wannan na ƙarshe ya zama saitin asali. Hikimar ita ce da wuya na'urori uku su mutu lokaci guda. A nan nake jan hankalin matasanmu masu koyon rubuta manhaja a Samaru: wannan lissafi yana aiki ne idan na'urorin ba wuta ɗaya suke sha ba. In ukun suna ɗaki guda, kan infata guda da janareta guda, ɗaukewar wuta ɗaya ta isa ta kwashe su tare. Ra'ayina shi ne, duk saƙon da ya shafi kuɗin mutum ko sakamakon jarrabawarsa, kada na'ura ta ce ta karɓa sai ya sauka inda ba zai goge ba. Saƙon ƙidayar masu leƙa shafi kuwa, in an rasa na daƙiƙa ɗaya ba wanda zai kwana da yunwa.

Sauran matsala ɗaya, kuma ita ta fi shafar mai waya. Saƙo na iya isa lafiya, a rubuta shi, amsar ce ta ɓace a hanyar dawowa. Wayarka na ta juyawa, ko ta ce ba a yi nasara ba, alhali an yi. Kana sake turawa, sabon saƙo ne, sai a cire sau biyu. Maganin da masu ƙira suka samo shi ne ba kowace hulɗa lambar da babu irinta, yadda in na'ura ta maimaita saƙo za a gane shi ne na ɗazu. Lamba mai alƙaluma 30 da ke jikin rasidin turawa tsakanin bankuna, wadda ma'aikacin banki ke fara tambayarka, da ita ake bin sawun kuɗinka.

Saboda haka in abu ya maƙale, kada ka yi saurin sake dannawa. Duba ragowar kuɗinka da jerin hulɗoɗin cikin manhaja tukuna, don alat na tes kan makara. Ka ɗauki hoton rasidi, ka karɓi takardar da POS ya fitar ko da ta nuna an ƙi, ku yi musayar lamba da mai na'urar. A 2020 Babban Bankin Najeriya ya sa wa bankuna wa'adin awa 72 su warware cinikin POS ko na intanet da ya gaza. In wa'adin ya wuce kuɗi ba su dawo ba, ka kai ƙorafi a rubuce bankinka da lambar hulɗar da ranar da abin ya faru.