Ƙaramar Jita Aikin Hannu, Ƙirarta da Muryarta

Galibin masu neman jita, idan suka shiga kantin kayan kiɗa suka tarar da su rataye a jere, wadda ta fi girman ciki suke fara miƙa wa hannu, bisa zaton cewa yawan katako shi ne yawan murya, alhali kuwa ma'abota wannan sana'a, tun daga Andalus har Amurka, sun daɗe da sanin cewa ƙarfin amo abu ne dabam, kyansa kuma abu ne dabam, har ma da yawa cikinsu, in aka bar su da zaɓinsu, ƙarama suke sassaƙa wa kansu.

Hasali ma ƙaramar ita ce asali. Sa'ad da Christian Frederick Martin, masassaƙi Bajamushe, ya sauka Amurka a 1833, ya kuma zauna a garin Nazarat na jihar Pensilbaniya a 1839, jitocin da yake yi na zaure ne, waɗanda ake kaɗa wa iyali da baƙi, kuma wadda gidansa ya sa wa lamba 0, mai faɗin inci 13 da rabi, a zamaninta babba ce ta dandali. Ƙatuwar da ta cika kasuwa a yau, wadda aka raɗa wa suna Dreadnought don tunawa da wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila, ba ta bayyana ba sai 1916, gidan Martin bai fitar da ita da sunansa ba kuwa sai 1931, kuma dalilin yin ta shi ne makaɗi yana bukatar a ji shi a tsakiyar sauran kayan kiɗa, a lokacin da lasifika ba ta yawaita ba. Wato larura ce ta haife ta, kuma larurar ta ragu ƙwarai tun da makirufo ya zama ruwan dare.

Kafin a yi wa girma hukunci, wajibi ne a san inda sautin yake fitowa. Tsirkiya ita kaɗai, saboda sirantarta, ba ta iya tura iskar da kunne zai ji daga nesa. Abin da take yi shi ne ta miƙa karkarwarta ga jakin da take ɗore a kai, jakin ya miƙa wa fuskar jitar, fuskar ta girgiza iskar ɗaki, daidai da aikin da fata take yi a jikin gurmi, ko a kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos. Antonio de Torres, mutumin Almeriya, wanda ake ɗauka uban jitar Sifaniya ta wannan zamani, ya kafa hujja a kan haka a 1862, domin ya yi wata jita mai fuskar katako nagari, amma bayanta da gefenta na kwalin takarda, ta kuwa yi murya, har yau tana ajiye a gidan tarihin kiɗa na Barsalona. Galibi ana yin fuskar jita da itacen sifurus na ƙasashen sanyi, mai ƙarfi a tsaye da rashin nauyi, kaurinta bai cika kaiwa milimita 3 ba, ga kuma tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan ta dare da rana da nauyin da ya kai wajen kilo 70. Abin da ke hana ta karyewa shi ne waɗansu siraran sanduna da ake mannawa ta ciki, manyansu biyu a gicciye, tsarin da gidan Martin ya yaɗa tun ƙarni na 19.

A nan ne aikin hannu yake da fifiko, kuma a nan ne hikimar sana'ar ta taru. Masana'anta, da yake dubbai take fitarwa, dole ta yanke kauri guda ta bi da kowane allo a kansa, ta kuma karkata wajen kauri don gudun a dawo mata da kaya, alhali allo biyu da aka tsaga daga gungume ɗaya ba su zama daidai wajen tauri. Shi kuwa masassaƙin da ba ya gama fiye da 'yan kaɗan a shekara, sai ya ɗauki allon ya lanƙwasa shi tsakanin hannuwansa don ya ji taurinsa, ya riƙe shi da yatsu biyu kusa da kunne ya ƙwanƙwasa, ya kankare, ya sake ƙwanƙwasawa, sa'an nan bayan ya manna sandunan ya bi su da kurfi yana rage su kaɗan-kaɗan, har ya isa iyakar da in ya tsaya kafinta jitar za ta fito bebiya, in ya ƙetare ta kuwa fuskar za ta kumbura bayan 'yan shekaru. Ƙaramin jiki yana taimakonsa, domin fuskar da ba ta da faɗi ba ta bukatar tokari mai yawa, saboda haka ana iya barin ta sakayau, abu mara nauyi kuwa da ɗan taɓi yake motsawa. Wannan shi ne sirrin abin da makaɗa ke nufi in sun ce jita tana amsawa: da an shafi tsirkiya da tsokar yatsa, sautin ya fito cikakke, ba sai an doke ta ba.

Game da launin muryar, malaman kimiyya sun bayyana cewa iskar da ke cikin akwatin jita tana da nata amo, wanda a babbar jita yake kusa da karkarwa 100 a sakan, ita kuwa tsirkiya mafi kauri tana yin 82. In akwati ya ƙanƙanta, amon iskarsa yakan hau sama, sai rugugin ƙasa ya ragu, muryoyin tsakiya su fito fili, tsirkiyoyin shida su tsaya a mizani guda ba wadda ta danne 'yar'uwarta. A ganina wannan daidaito ya fi rugugi daraja ga mai waƙa, musamman mai kauri a maƙogwaro, domin jitar ba ta yin takara da shi, kuma masu ɗaukar sauti sun san ƙarama ta fi sauƙin sha'ani a gaban makirufo. Amma tana da illarta, ba a ɓoye ba: wanda ya saba dukan tsirkiyoyi gaba ɗaya da ƙarfin dantse zai ji ta shaƙe, ta kai maƙura ta ƙi ƙaruwa, kuma a taron biki a fili, in babu lasifika, ganga ɗaya ta isa ta haɗiye ta.

Wajen riƙo kuwa, ƙaramar ba ta tilasta wa kafaɗar dama ta ɗaga, abin da mai dogon zama da ita zai gode wa. Tsawon tsirkiya a irin su 0 da 00 na Martin inci 24.9 ne, maimakon 25.4 na manya, kuma wannan rabin inci, duk da ƙanƙantarsa, yana sassauta tsirkiyar ya kuma kusanta matakan wuya da juna. Tsofaffin ƙira suna haɗa wuya da jiki a mataki na 12, ba na 14 ba kamar yadda aka soma a 1929, abin da ke sa jaki ya faɗa tsakiyar faffaɗan ɓangaren fuska, muryar ta ƙara zaƙi, ko da yake hannu ba ya kaiwa matakan sama da sauƙi. Wuyansu kuma ya fi faɗi, kusan milimita 48 a sama maimakon 43, wanda ya dace da mai kaɗawa da yatsu ɗai-ɗai.

Masu saye sukan yawaita jayayya a kan itacen baya da gefe fiye da yadda ya cancanta. Akwai mahogani, wanda nau'insa na Afirka ɗan'uwan maɗaci ne, akwai jan itacen Barazil da aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe a 1992, akwai kuma baƙin eboni na Kamaru, dangin kanya, da ake shimfiɗawa a wuya. Kowanne yana ɗan rina sauti, amma kwalin Torres ya riga ya nuna matsayinsu.

Abin da ya fi wajaba ga wanda zai kawo irin wannan jita Kano ko Damagaram shi ne sha'anin hunturu. Galibi ana haɗa ta ne a ɗakin da damshin iskarsa yake tsakanin kashi 45 da 55 cikin 100, mu kuwa a watan Janairu yakan faɗi ƙasa da 20, sai siririn allon nan ya tsuke ta faɗinsa, sandunan ciki su hana shi, ya tsage bisa tsawon jijiyarsa, bakin ƙarafunan wuya kuma su fito suna yankar yatsa. Da damina sai akasin haka, fuskar ta kumbura, tsirkiyoyi su yi nisa da wuya. Maganin hunturu shi ne a riƙa mayar da ita cikin akwatinta a rufe da zarar an gama kiɗa, tare da jiƙaƙƙen soso da aka matse aka sa a 'yar roba mai huji, ana sabunta ruwan duk bayan kwana biyu ko uku, kada kuma a bar ta a cikin mota ko jingine da bangon da rana ke duka.