Idan Loma Ta Tsaya a Ƙirji: Olsa Ce, Beli Ne, ko Sammu?

Wanda loma ke tsaya wa a ƙirji ba ya rasa masu ba shi fatawa. Wannan ya ce olsa ce, waccan ta ce beli ne ya sauko a kira wanzami, wani kuma ya rage murya ya ce an ba shi wani abu a abinci. Akwai wata cuta, akalasiya, da kan ɓuya shekara da shekaru a bayan waɗannan maganganu, domin ba kasafai ake ganinta ba. Kusan mutum 1 cikin 100,000 ke kamuwa da ita a shekara, maza da mata.

A ƙarshen bututun da ke kai abinci tumbi akwai zoben tsoka da ke saki idan an haɗiya, sannan ya rufe. A wannan cuta jijiyoyin da ke sa shi saki ne ke mutuwa, sai ya ƙi buɗewa yadda ya kamata, bututun kuma ya daina tura abinci ƙasa.

Masu cewa olsa ba su da laifi sosai, don akwai ciwon ƙirji, wani lokaci har da abin da ke kama da ƙwannafi. Amma a lura da mai cutar a gaban kwano. Tuwo na tsaya masa, kunu na tsayawa, ruwa ma haka. Za ka ga ya miƙe tsaye yana tsakiyar ci, ya banƙare ƙirji, ya bi loma da kofin ruwa, kullum shi ne na ƙarshen tashi. Da dare abincin da ya ci ya dawo masa kan matashi kamar yadda ya haɗiye shi, don bai kai tumbi ba, tari ya tashe shi. Maganin olsa na kemis yana rage tsamin ciki ne, shi kuwa ba tsami ke damunsa ba, shi ya sa zai yi ta sha yana ramewa.

Batun beli ƙarya ce tsagwaronta. Matsalar tana can ƙasa kusa da tumbi, inda askar wanzami ba ta kaiwa, abin da yankan zai ƙara masa kawai zubar jini ne da haɗarin ƙwayoyin cuta. Sammu kuwa, hoto ne ke ƙaryata shi: a ba mutum ruwan bariyom ya sha a ɗauki hoton ƙirjinsa, za a ga bututun ya buɗe daga sama ya tsuke daga ƙasa kamar bakin tsuntsu. Awon ƙarfin matsawar bututun, manometiri, shi ke tabbatarwa. Kuma ba a ɗaukar cutar ta cin abinci kwano ɗaya, don haka ware mai ita zalunci ne.

Wai sankara ce? A nan ake taka-tsantsan. Ita kanta ba sankara ba ce, amma sankarar da ta fito a mahaɗar bututun da tumbi takan yi kama da ita sak, musamman ga dattijon da ya rame cikin 'yan watanni. Saboda haka likita ba ya yanke hukunci sai ya zura kyamara ta baki ya duba. Gaskiya ne kuma cewa idan ta daɗe tana ƙara haɗarin sankarar bututun, ko da yake mafi yawan masu ita ba sa kai wa can.

Saura masu cewa ba ta da magani. Jijiyoyin da suka mutu ba sa dawowa, wannan haka ne. Amma buɗe hanyar tsohon aiki ne: tun 1674 Thomas Willis na Ingila ya bayyana yadda ya sa majiyyacinsa tura abinci da ƙashin kifin wale mai soso a baki. A 1913 Ernst Heller na Jamus ya fara tiyatar yanka tsokar, yau ana yin ta ta ƙananan huji a ciki, a 2008 kuma Haruhiro Inoue na Japan ya yi yankan ta cikin baki. Akwai kuma buɗawa da balan-balan, da allurar Botox wadda ba ta wuce watanni, an fi yi wa wanda jikinsa ba zai ɗauki tiyata ba. Yawancin waɗanda aka yi wa aiki suna komawa cin abinci sosai, sai dai wasu kan fara fama da ƙwannafi na gaske bayan an sassauta zoben, a lokacin ne maganin rage tsamin ciki ke yi musu amfani.